Mara Lafiya a Takarda

Podbrezno,
19 ga Disamba

Zuwa ga aminina Tibor, babban akawun ƙungiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Colleen kuna lafiya, kuma sanyin Saskatoon bai ƙarasa cinye maka kunnuwa ba. Jarmila tana gaishe ku. Zuzka ta ce a gaya wa babanta na baftisma wai takalman ƙanƙarar da ya aiko sun yi mata yawa har da lamba biyu. Kai da kake ƙirga miliyoyi, ƙafar yarinya 'yar shekara takwas ta gagare ka.

Kada ka yi mamakin ganin ambulan da kan sarki. Kai ka ja mini kunne, ka ce duk maganar da ta shafi ƙuguna kada in kuskura in sa ta a waya, don hukumar gasar hokin ƙanƙara tana iya buɗe wayoyin ofishinku duk ranar da ta ga dama. To na ji. Sai da na birkice gidan nan kaf kafin in samu biro mai rubutu.

Tibi, na warke.

Ka sake karantawa, ba giyar borovichka na sha ba. Aikin nan da likitan Brno ya yi mini bara, wanda ku da kanku kuka sa hannu kuna cewa iyakarsa ya rage mini ɗingishi, ashe ya wuce nan. Tun a Satumba da na zo gwajin shekara na fara zargi. Likitan ƙungiyarku, Dokta Friesen, ya murɗa ƙafar ya ce, "Da zafi?" Na ce "wash", don dai bakina ya saba. Shekara biyar ke nan aikina ɗaya ne: in hau jirgi in ƙetare teku, in tuɓe wando, in faɗi gwaji, ku ba ni kofi mai sanyi, in dawo gida in jira wata Satumbar.

Makon jiya tafkin bayan injin katako ya daskare. Na fita tun gari bai gama wayewa ba, na ɗaura tsofaffin takalmana na ƙanƙara, na ce bari in tsaya kawai in ji. Ina! Ƙafafun ba su nemi shawarata ba. Na yi zagaye ashirin, na juya da baya, na ja birki har ƙanƙara ta yi feshi. Ko ɗis ban ji ba. Na zauna a kan gungume na yi kuka sosai, ba na jin kunyar gaya maka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An ba su Zuzka aiki a makaranta, kowa ya rubuta sana'ar ubansa. Malamar ta tare Jarmila a shagon burodi ta nuna mata, tana dariya. Yarinyar ta rubuta: "Babana sana'arsa rashin lafiya. Yana zuwa Kanada ya yi ta, ana biyansa." Kowa ya yi dariya, har ni. Amma tana shekara uku na bar fili. Ba ta taɓa ganina a kan ƙanƙara ba sai a tsofaffin bidiyo, su ma cewa take yi wani mutum ne mai gashi.

Shekarata talatin da shida. Kwantiragin nan saura kakar wasa biyu bayan wannan, ranar da zai sake ni ina da talatin da tara, ba mai ɗaukata ko sharar fili. Kaka ɗaya nake so, Tibi, kuma ba sai a wurinku ba. Ko a nan garin ne, a ɗan filinmu mai warin soyayyen dankali, in sa riga in shiga wasa na gaske, 'yata tana zaune tana kallo. Kai ka rubuta takardar nan, kai ka san inda ƙofarta take. Ka buɗe mini.

Kifin da za mu yanka da Kirsimeti yana iyo a bahon wanka tun shekaranjiya, ya je wannan bango ya juyo, ya je wancan ya juyo. Jiya na shiga wanke hannu na shagala da kallonsa, sai Jarmila ta leƙo ta ce, "Tsakaninku wa ya zo duba wani?" Ka ji irin matar da na aura.

Allah ya ba mu Kirsimeti lafiya. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum,
Vendelin


Saskatoon,
11 ga Janairu

Zuwa ga ɗan'uwana Vendelin,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka, da Jarmila, da 'yata Zuzka. Ka ce mata da gangan na sayo manya, ƙafa girma take yi, akawu kuwa da gaba yake lissafi.

Wasiƙarka ta same ni ranar Litinin. A mota na karanta ta, a ƙofar gida, har sau uku. Da farko na yi murna, Allah ne shaidata, ni na bi motar asibiti da kai ranar da aka fitar da kai daga fili. Daga baya kuma na fara lissafi.

Vendo, bari in shimfiɗa maka abin yadda yake, don ka daɗe ba ka zauna a ofishina ba. Hukuma ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a albashin 'yan wasa. Rufi ɗaya ne a kan kowa, mai kuɗi da talaka, kuma ƙungiyar da ta fasa shi ba ta shiga fili. Yau da safe tsakanin kanmu da rufin dala dubu talatin da takwas ne. Kai kuwa nauyinka a takarda miliyan shida da rabi. Muddin sunanka yana jerin majinyata, ba a ɗora mana wannan nauyin. A gurbin na zuba Aleksi, golan da ya ci mana wasa tara a jere, da Doucette, ɗan bayan da ya gaji wurinka. Ranar da Dokta Friesen ya rubuta "ya warke", ranar zan kira su biyun in ce su haɗa kaya. Doucette watan jiya ya sayi gida.

Na san abin da za ka ce: to ka yi ritaya mana, ka je ka buga a gida. Nan ne nake jin kunyarka. Ka tuna dabarar da na yi lokacin da muka rubuta maka kwantiragin shekara goma sha biyu, wadda ta sa aka ba ni kujerar nan? Muka tara maka kuɗin a shekarun farko, muka bar na ƙarshen da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan a takarda muka raba jimillar daidai don ta yi mana sauƙi. Jaridu suka yi ta yabona. Bayan shekara biyu hukuma ta farga, ta kafa doka: duk ɗan wasan da ya ajiye sanda kafin irin wannan kwantiragi ya ƙare, sai ƙungiyarsa ta amayar da duk sauƙin da ta ci, a yanke daga rufinta. Na lissafa naka. Ya fi warkewarka muni.

Ka gani ke nan. In ka warke mun mutu, in ka yi ritaya mun mutu. Abin da ke riƙe da ginin nan kawai shi ne ka ci gaba da ciwo. Ni na gina shi da hannuna, ina ganin gata nake maka. Kai ka tsaya wa manaja, Mista Harlan, a wuya har ya ɗauke ni aiki lokacin da gwiwa ta kore ni daga fili ina ɗan shekara ashirin da uku. Na so in rama alheri, ga abin da na rama.

Ba ni da ikon hana ka. Doka tana bayanka, in ka zo a Satumba ka ce lafiyarka ƙalau ba mai tilasta maka ka ce wash. Roƙonka nake yi. Ka ba ni zuwa Mayu in lalubo ko akwai ƙungiyar da za ta karɓe ka. Kafin nan, don Allah ka bar tafkin nan. Podbrezno ce fa, na san mutanenmu. Tsohuwa guda ta ɗaga labule da waya a hannu, kafin yamma bidiyon yana teburin hukuma, kamfanin inshora kuma yana tambayar tun yaushe ka miƙe. In za ka kasuwa ka riƙe sandarka ta dogarawa.

Ka ƙona wannan takardar. Taka na riga na ƙona, sai dai abin da Zuzka ta rubuta ya ƙi fita daga kaina.

Ka huta lafiya.

Ɗan'uwanka,
Tibor


Podbrezno,
9 ga Maris

Akawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, wato su Jarmila suna lafiya, ni ka san ba a ba ni izini ba.

Na bi umarni. Na bar tafki, na ɗauko sandar dogarawa daga bayan ƙofa, na koma ɗingishi. Matsalar ita ce ina mantawa. Ranar Asabar na ga bas zai tashi, kafin in ankara na sa sanda a hammata na zuba da gudu. Wa zan tarar a kujerar gaba? Tsohuwa Hedviga mai sayar da cuku. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ɗana, mu'ujiza!" Na ce a'a Iya, sabon magani ne, zuwa yamma zai sake ni. Ta ciro cuku ta ba ni kyauta, ta ce za ta sa ni a addu'a ranar Lahadi. Matar da fanshonta bai isa itacen hunturu ba, ita ke tausaya mini. Jarmila ta dafa abincinmu na halushki da cukun, na kasa kai shi bakina.

Wannan mai sauƙi ne. Filinmu ya cika shekara hamsin, aka shirya wasan tsofaffi. Duk wanda ya taɓa sa rigar garin nan ya fito. Ferko ya fito, da tumbinsa da ya hana shi ganin takalmansa, sai da mutum biyu suka ɗaure masa. Ya ci ƙwallo, Tibi! Ferko! Ni kuwa, ɗan garin da ya buga wasa ɗari bakwai a ƙetare, sai aka shimfiɗa mini darduma har tsakiyar fili don in jefa faifan robar da za a fara wasa da shi. Aka ce Zuzka ta raka ni. Ta riƙe gwiwar hannuna da hannu biyu tana cewa, "Baba, a hankali, ƙanƙara tana da santsi." Mutane suka miƙe suna tafi, wasu suna share ido. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Da aka tashi, tsohon kocinmu Imrich ya ja ni gefe. Ya kusa tamanin amma idonsa garau. Ya ce, "A Disamba na bi ta tafki na ga sawu. Mutum ɗaya na koya wa irin wannan juyin, kuma an ce mini gurgu ne." Na kalli sandata. Ya ce, "Ban ga komai ba. Amma baɗi muna neman ɗan baya, riga mai lamba huɗu tana nan a rataye."

To ka ji. Ba miliyoyi nake nema ba. Miliyan ɗayan da kuke ba ni yanzu ku riƙe abinku, na yafe, ku saya wa Doucette labule. Ka soke takardar, ko ka ba da ni aro, ko ka sayar da ni ga wanda ka ga dama, ko da kuɗin buhun faifai ne. Ka ce Mayu, na ba ka Mayu. In ba ka samo ƙofa ba, zan zo a Satumba in kwanta a gadon Friesen, ya murɗa, in ce masa ba zafi. Ba barazana nake maka ba. Na gaji ne.

Ka gaida Colleen. Ita ba ta yi mini komai ba.

Vendelin


Saskatoon,
22 ga Mayu

Zuwa ga ɗan'uwana Vendelin,

Gaisuwa mai yawa gare ku duka. Na san ka ga yadda aka fitar da mu, wasa na bakwai, ƙwallo ɗaya tak, saura taki guda mu kai wasan ƙarshe. Garin nan bai rusa mana ba. Kowa cewa yake baɗi tamu ce, in dai an bar yaran nan tare.

Na yi alkawarin Mayu, ga rahoto. Na kira ƙungiya goma sha huɗu. Ban iya fitowa fili ba, sai dai in ce, "Da a ce wani tsohon ɗan baya zai warke fa?" Uku suka yi dariya, goma suka ce nauyin ya fi ƙarfin rufinsu. Ɗaya ta ce tana so, har na miƙe tsaye da wayar. Ashe talakawa ne da ke neman cike mafi ƙarancin abin da doka ta ce a kashe. Suna son adadinka a takarda, inshora ta biya, kai kuma ka zauna a gida. Mutumin ya ce, "Amma dai ka tabbata ba zai tashi ba ko?" Ka ji inda muke, Vendo. Da ciwo kana da kasuwa, da lafiya ba mai so.

Yafe albashi bai halatta ba. Na taɓa wa lauyan ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa maganar a kaikaice, ya ce in suka bar mutum ɗaya ya yafe, gobe kowane manaja zai murɗe hannun ɗan wasansa ya yafe. Aro kuma sai lafiyayye ake bayarwa, da zarar an ce lafiyayye nauyin ya dawo kanmu. Na kwana uku ina karanta kundin doka daga bango zuwa bango. Ba ƙofa. Da akwai da na gan ta, don irin ƙofofin nan su nake ci da su.

Na gaya wa Mista Harlan rabin gaskiya. Ya cire tabarau ya ce, "Tibor, takardarka ce, mutuminka ne. In ya warke, ka haɗa kayanka tare da na Aleksi." Ya ƙara da cewa ko ka ci gwajin ba zai sa ka a fili ba, ƙaramar ƙungiyarmu zai tura ka, ka yi ta yawon bas da 'yan shekara ashirin, nesa da Zuzka da teku guda. Hukuma kuma za ta tambayi tun yaushe muka sani. Wanda aka kama ya ɓoye lafiyayye a jerin majinyata ba ya sake samun kujera a gasar nan, ni kuwa ban iya komai ba sai wannan lissafin.

Ban so in kawo kaina cikin maganar ba, amma ga shi na kawo. Tsoro nake ji. Satumba biyu suka rage, Bijimi. Kalma ɗaya ce, "wash", sau biyu. Ina roƙonka da girman Allah, da ajin da muka zauna tare, ka faɗe ta.

Ina jiran ko layi ɗaya daga gare ka.

Ɗan'uwanka,
Tibor


Podbrezno,
17 ga Yuli

Tibor, baban Zuzka na baftisma,

Ina gaishe ka da Colleen. Ban iya doguwar gaisuwa ba, ka sani, kuma Vendelin bai san na rubuto ba.

Layin da kake jira ba zai zo ba. Ya karanta wasiƙarka a tsaye, ya jefa ta a murhu, ya fita ya faskara itacen da zai kai mu hunturu biyu. Bai sake ambaton sunanka ba, sai dai in Zuzka ta tambaya.

Ka ce kada a gan shi, to ba a ganinsa. Tun farkon Yuni, kowace Talata da Juma'a yake tashi da asuba ya ƙetare dutse ya shiga Poland. Akwai wani ɗan fili a bayan wani ƙauye, rufin kwano, mai shi yana ba da haya kafin mutane su zo. Can sunansa Jozef, mai sayar da taya. Na je sau ɗaya na gani. Ƙanƙarar Yuli ce, Tibor, ruwa-ruwa, duk ramuka, ko ni da ban san wasa ba na san ba a yi wa ƙato mai kilo ɗari ita ba. Filaye masu kyau suna nan birjik, amma a can kowa ya san fuskarsa.

Yana atisaye daga wani tsohon littafinsa na lokacin yana ɗan ashirin da biyar. Ba likita, ba mai gasa jiki, ba mai ce masa ya isa haka. In ya dawo ya cika baho da ƙanƙara ya shiga. Shekaranjiya na kama shi yana sauka daga matakala a karkace. Na ce mene ne, ya ce takalmi ne ya matse shi. A cikin gida, da silifas! Ni zai mayar yarinya.

Kuna da masu gasa jiki biyar a ƙungiyar nan, na san su, na sha dafa musu abinci a gidana. Ka turo ɗaya ya zo hutu. In ba zai yiwu ba, ka ba ni sunan wani a Brno ko Vienna mai iya riƙe bakinsa. In shi ma ba zai yiwu ba, ka sa a rubuta masa tsarin atisaye na mai sabon ƙugu, ka aiko ba suna. In ni na je wurin likitocin nan, kafin yamma duk gari ya ji.

Ban ce ka sake shi ba, na gane ba ka iyawa. Cewa na yi kada ka bar shi shi kaɗai a ciki. Ku biyu kuka sa hannu a takardar nan, ina wurin, har kuka sa ni ɗaukar hoto. Yanzu kai kana ofis mai sanyi kana tsoro, shi yana kan ruɓaɓɓiyar ƙanƙara yana tsoro, ni ce a tsakiya ina wanke safa.

Ya yi wa Zuzka alkawarin wani abin mamaki ranar tunawa da waliyyiyar da ta ci sunanta, sha ɗaya ga Agusta. Na san ko mene ne. Ka amsa mini kafin ranar.

Allah ya ba ka lafiya.

Jarmila


Saskatoon,
26 ga Satumba

Bijimi! Ɗan'uwana na jini!

Gaisuwa dubu gare ka da Jarmila da Zuzka. Ka yi haƙuri da rubutun. Ɗazu da rana na miƙa wa hukuma sunayen 'yan wasanmu. Mun shige ƙarƙashin rufi da dala ɗari biyu da sha biyu. Ɗari biyu da sha biyu, Vendo! Ko kuɗin sanda ɗaya bai kai ba. Aleksi yana nan, Doucette yana nan, ni ma ina nan. Kai ka yi mana wannan.

Tun Mayu ba na barcin kirki. Da ka ƙi in ɗauko ka a filin jirgi, ka ƙi gidana ka sauka a otal, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Har kwali na nemo na ajiye a ƙarƙashin tebur. Sai ga ka a ƙofar asibitin ƙungiya da sandunan hammata har biyu. Biyu! Haba Bijimi, ɗaya ma ai ta isa. Ga rama, ga gumi a goshi, ga fuska ta yi fari fat. Sakatariyarmu sai da ta shiga banɗaki ta yi kuka. Ban san ka iya wasan kwaikwayo haka ba, da tuni na nema maka aiki a talabijin. Ka wuce ni a baranda ka ce "Akawu" kawai, ka gyaɗa kai. Na gane, akwai idanu. Amma da ka bari ko kofi mu sha kafin ka koma.

Dokta Friesen da kansa ya kawo rahoton, shafi huɗu. Ya ajiye ya tsaya a kaina ya ce, "Za ka karanta?" Na ce Dokta, layin da nake buƙata yana shafin farko, ga shi nan, "ba zai iya wasa ba." Na buga hatimi na sa a fayil. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fita. Ina jin ya harbo jirginmu, amma dattijo ne, ba zai yi magana ba.

Ka ba Jarmila haƙuri. Wasiƙarta ta zo, na rubuta amsa sau huɗu ina yagawa. Duk tafiyar da ma'aikacinmu ya yi ana rubuta ta, kuma da na turo ko tsarin atisaye ne, ya zama shaidar cewa mun san ka miƙe. Na ce bari in yi shiru, hankali zai dawo maka da kansa. Ga shi kuwa ya dawo.

Na san abin da ka sadaukar, kada ka zaci ban sani ba. Satumba ɗaya ta rage. Ranar da takardar nan ta mutu, na rantse zan zo Podbrezno da kaina in ɗaure maka takalma, mu sa Imrich ya shirya wasa, ko na tsofaffi ne, Zuzka a kujerar gaba. Na sa an haɗa maka sababbin takalma irin na da, da sunanka a dunduniya. Suna hanya. Ka ɓoye su a ƙarƙashin gado tukuna.

Ban san da bakin da zan gode maka ba. Allah ya bar mu tare.

Naka har abada,
Tibi


Podbrezno,
14 ga Oktoba

Tibor,

Ina gaisuwa. Takalma sun iso, na gode.

Ba wasan kwaikwayo na yi ba. Ranar sha ɗaya ga Agusta na kai Zuzka filin nan na Poland. Ta gan ni minti goma sha huɗu, ita ta ƙirga a agogon bango. Ta yi ta tsalle tana ce wa mai shara, "Wancan babana ne!" don shi kaɗai ne a wurin. A wani juyi takalmina ya faɗa rami, ƙarfen da likitan Brno ya sa mini ya tsaga ƙashi. Ita ta ruga ta kira mutane.

Zan yi tafiya, da sanda. Gudu babu, ƙanƙara babu. Duk yana shafi na biyu na rahoton Friesen, da ka buɗe.

A asibiti an rubuta cewa a matakalar gida na zame. Jarmila ce ta biyo mu ta gaya wa likitoci haka, don kada inshora ta taɓa ku. Ka ga har a motar asibiti da kai muke lissafi.

Baɗi ba sai ka roƙe ni ba.

Na ce wa Zuzka abin da ta gani sirri ne, kada ta faɗa wa kowa sai kwantiragi ya ƙare. Ta kalli sandunan, ta ce, "To a lokacin wa zai yarda da ni?"

Ka ƙona wannan ma. Ka gaida Colleen.

Vendelin